Saniyar Zumunci: Haɓɓanaye da Buki a Zaman Makiyaya

Jawabin da wani ɗan ƙungiya ya yi a gaban taron makiyaya da dillalan bisashe. Mun buga shi kamar yadda ya faɗe shi.

 

Shugabannin ƙungiya, ardo-ardo, masu riƙe da sarautar rugga da garso, iyayenmu mata, dillalai da fatake, ina gaishe ku, ina yi muku barka da zuwa. Wanda ya baro garke a daji ya zo nan, Allah ya sa ya koma ya tarar da shi lafiya.

An ce in yi magana a kan kyauta, wato irin kyautar da muke yi wa juna ranar suna, da ranar aure, da ranar da wani ya shiga wani hali. Da wani abokina ya ji haka sai ya ce mini, ana kukan burtali da aka nome, ana kukan rijiya, ana kukan ɓarayin shanu, kai kuma za ka tashi da maganar buki? Na ce da shi ya yi haƙuri ya saurara. Ranar da ɓarawo ya kore maka garke, ko fari ya kwantar da shi, abin da zai tayar da kai yana cikin wannan magana.

Tun muna yara muke jin ma'aikata da mutanen birni suna cewa makiyayi bai san tattali ba. Wai yana yanka bajimi don an haifa masa ɗa, yana ɗaukar karsana lafiyayya ya kai garken wani ya baro ta shekara da shekaru, babu takarda, babu riba. Suna kiran wannan ɓarna. Ni kuwa na ce lissafi ne, kuma lissafi mai zurfi, sai dai ba a takarda aka rubuta shi ba.

Mu fara da haɓɓanaye, tun da ita ce uwar maganar. Kalmar Fulatanci ce, daga haɓɓa, wato ɗaure. Ma'anarta saniyar da aka ɗaure don wani. Wasu suna ce mata nannganaye. Duk wanda ke nan ya san yadda take, amma bari in faɗa saboda yaranmu da suka tashi a gari. Mutum zai zaɓi karsana daga garkensa ya ba ɗan'uwansa ko abokinsa. Za ta zauna a wurinsa har ta haihu, galibi sau uku, a wasu wurare sau biyu. Nonon nasa ne, ƴan maruƙan nasa ne, babu mai tambayarsa. In ta cika haihuwarta sai ya mayar da uwar ga mai ita, da godiya. Ba a sayar da ita, ba a yanka ta, ba a biyan bashi da ita. In ta mutu mutuwar Allah, ba a ce ya biya. Kuma kowa ya san wanda aka ɗaure wa saniya ya fi tausayinta bisa ga nasa na kansa. Ita za a fara shayarwa, ita za a fara nema in garke ya watse, domin kunyar a ce haɓɓanaye ta lalace a hannunka ta fi asarar taka saniya ciwo.

To ku duba shekarun da ke cikin wannan abu. Saniya a dajinmu ba ta haihuwa kowace shekara. Kafin ta haihu sau uku an yi shekara biyar, shida, ko fiye. Duk tsawon wannan lokaci mutum biyu suna ɗaure da igiya guda. Mai saniya zai riƙa aiko da gaisuwa yana tambayar lafiyarta. Wanda ke riƙe da ita in ya ji an yi ruwa a wani wuri, ko ciyawa ta fito, ko ciwo ya ɓulla, abokinsa zai fara aika wa labari. In ya iso rijiyar abokin nan da rani, ba za a hana shi guga ba. Ranar da aka mayar da uwar ma magana ba ta ƙare ba, domin sau da yawa wanda aka yi wa alheri yakan ɗaure wa abokinsa, ko ɗan abokinsa, wata karsana daga cikin zuri'ar saniyar nan. Haka igiyar take wucewa daga uba zuwa ɗa.

Manomi yana da rumbu. In ya samu shekara mai kyau sai ya zuba damma ya rufe, ya ci har baɗi. Makiyayi ba ya iya zuba saniya a rumbu. Abin da yake iya yi shi ne ya rarraba: wannan a garken da ke Tadres, waccan a garken da ke wajen Dakoro, wata a hannun wanda ke gangarawa kudu. Ruwan sama ba ya sauka daidai, ciwo ba ya kama ko'ina rana ɗaya, ɓarawo ba ya kore garke goma a dare guda. Wanda ya tara duk shanunsa a gabansa yana kallo, rana ɗaya tana iya mayar da shi mai sanda kawai. Wanda ya ɗaure wa mutum biyar, yana da ƙofa biyar da zai ƙwanƙwasa. Kakanninmu sun koyi wannan da wuya, tun zamanin bushiya da ta share shanun ƙasashen nan wajen 1891, cutar da sai a 2011 aka tabbatar an gama da ita a duniya. Dattawan da ke zaune a nan kuma sun gani da idonsu a farin 1973 da 1974, sun sake gani a 1984, shekarar da mutane suka sa wa suna Ƴar Buhari saboda rufe iyakar Nijeriya da ya haɗu da yunwa. Ku tambaye su da me suka sake kafa garke. Da yawa za su ce muku da karsana ɗaya ko biyu da wani ya ɗaure musu.

Akwai wani amfani kuma da masu shanu na gaske suka sani. Ta wannan hanya irin saniya mai kyau yake yaɗuwa. Babu mai sayar maka da ƴar saniyar da ya fi so, wadda ya san uwarta da kakarta, ya san tana jure tafiya, tana jin kira. Amma zai iya ɗaure maka ita. Da yawa daga jan shanun nan masu dogon ƙaho da ake alfahari da su, ta hannun abokai jininsu ya zagaya.

Kada a haɗa haɓɓanaye da diilaye, wadda saniyar tatsa ce kawai da ake ba gidan da ba shi da nono, ɗan maraƙin yana nan na mai saniya. Kada kuma a haɗa ta da zakka ko sadaka. Zakka farilla ce, tana da nisabinta: shanu 30, tumaki ko awaki 40, raƙuma 5. In ta fita ta fita ke nan. Sadaka kuma daga mai shi take zuwa ga maras shi, kuma ko an ƙi ko an so, mai karɓa yakan sunkuyar da kai. Haɓɓanaye ba ta sunkuyar da kan kowa, domin mai shanu ɗari ma ana ɗaure masa, kuma yana karɓa da murna. Saboda haka talaka in ya karɓa babu mai cewa bara ya yi. Ni a ganina wannan ita ce babbar hikimar da ke cikinta. Addini ma bai bar wannan fanni ba. Malamai sun san maniha, wato ba da aron taguwa ko akuya mai nono ga wani ya tatsa ya mayar, kuma hadisai sun yabe ta ƙwarai. Duk mai cewa wannan al'ada ta jahilci ce, a tura shi wurin malami.

Masana na ƙasashen waje sun daɗe suna binciken irin wannan zama. Wani Bafaranshe mai suna Marcel Mauss ya fitar da littafi a kan kyauta a 1925. Ya tattara labarin al'ummu da yawa, ya ga cewa ko'ina kyautar buki tana tafe da nauyi uku: dole ka bayar, dole ka karɓa, dole ka rama. Wanda ya ƙi karɓa ya ƙi zumunci, wanda ya ƙi ramawa ya zubar da girmansa. Da na fara jin wannan sai na yi dariya, na ce ai kakata ta san haka ba ta taɓa shiga aji ba. Amma ya kawo misalai da suka dace mu ji, don mu san ba mu kaɗai ba ne.

Akwai wasu tsibirai a cikin teku, gabas da ƙasar Niyu Gini, ana ce musu Trobriand. Wani masani, Malinowski, ya zauna da mutanen wurin, ya rubuta labarinsu a 1922. Suna shiga kwalekwale su ratsa teku mai haɗari don su kai wa abokansu na wani tsibiri abin wuya na jan ɓawon katantanwa, su karɓo munduwa fara. Abin wuya yana zagaya tsibiran ta hannu ɗaya, munduwa tana zagayawa ta ɗaya hannun. Ba a ci, ba a sha, babu mai riƙe su har abada. Suna kiran abin kula. Amma wanda ke da abokin kula a wani tsibiri yana da masauki, yana da mai tsaya masa a ƙasar da ba tasa ba. A gefen wannan tafiya kuma suna yin ciniki na sosai, da tayi da albarka, amma ba su taɓa haɗa shi da kula. Wanda ya yi tayi a kan kyauta abin zargi ne. Dillalai, ku riƙe wannan, zan dawo gare ku.

Misali na biyu gargaɗi ne. Mutanen asali na bakin tekun yammacin Kanada suna da wani buki, potlatch, inda babban mutum yake tara dukiya ya raba wa jama'a a gaban shaidu, don a tabbatar masa da suna da matsayi. Hukuma ta ce ɓarna ce, ta kafa dokar hana shi a 1884. A 1922 har an ɗaure mutane a kurkuku an ƙwace kayan bukinsu. Sai a 1951 aka cire hanin daga doka. Abin da hukumar ba ta gane ba, ko ta gane ta ƙi, shi ne a wurin bukin nan ake shaida aure, da gado, da haƙƙin kowane gida. Da aka hana shi, shaidar ce aka rusa.

Mu dawo gida. Ƴan'uwanmu Hausawa, waɗanda muke ci kasuwa ɗaya muna auratayya da su, suna cewa zaman duniya buki ne. Buki a bakin mata ba taron kawai ba ne, shi ne abin da ƙawa take kawo wa ƙawarta ranar suna ko aure. Ka'idarsa ninki: na kawo miki jika ɗaya, ranar nawa ki kawo biyu, ranar naki in kawo huɗu. In abin ya yi nauyi sai a yanke, a koma ƙasa a sake farawa. Babu mai mantawa, ko tsohuwar da ba ta san baƙi ba tana riƙe da lissafin shekara ashirin a ka. Wani masani, Guy Nicolas, ya yi shekaru yana binciken wannan a ƙasar Maradi, har da bukin dubu, inda manomin da ya samu dame dubu yake tara jama'a ya raba, a naɗa shi sarkin noma. Ko ɗan aiken da ya kawo kyauta ba ya komawa hannu banza, sai da tukuici. Matanmu na rugga da suka zauna kusa da gari duk sun shiga wannan tsari, kuma ban ga laifinsu ba. Macen da ba ta da saniya ko gona da sunanta, ƙawayenta su ne asusunta.

Amma a nan zan faɗi abin da wasu ba za su so ba. Ninki yana da haɗari in an bar shi babu mai yankewa. Haɓɓanaye tana haihuwa da kanta, ciyawar Allah take ci ta ninka. Kuɗin buki ba ya haihuwa, daga aljihun wani yake fitowa. Na ga gidan da aka kai saniya mai ciki kasuwa don a fita kunyar buki. Na ga saurayin da ya sayar da karsanar da aka ba shi ranar sunansa, wadda ita ce tushen garkensa, don a cika akwati a yi hayar mota. Bajimin da ake yankawa a worso, a raba naman bisa ga tsari kowa ya san rabonsa, ban kira shi ɓarna ba, namiji ne, kuma jama'a ce ta ci ta shaida. Amma wanda ya sayar da uwar garke don kwana ɗaya na kiɗa, ya yanka shekara goma masu zuwa. Zamanin Seyni Kountché hukuma ta yi ƙoƙarin ƙayyade abin da ake kashewa a aure. Ga mu nan, kowa ya san inda maganar ta kwana. Doka ba ta shiga ɗakin amarya. Iyayenmu mata da ke zaune a can, ku ne kuke iya wannan. In manyan mata biyar na zuri'a suka ce daga yau buki ba ya wuce kaza, magana ta zauna.

Babbar matsalar kuwa ba a wurin mata take ba. Tun bayan farin 1984, shanu da yawa sun bar hannun makiyaya sun koma hannun ƴan kasuwa da ma'aikata, waɗanda suka saye su da arha lokacin da muke sayarwa don mu ci. Yau sai ka ga yaro a bayan garke mai kyau, ka tambaye shi, ka tarar ko ɗaya ba tasa ba ce. To wanda ke kiwon shanun wani, me zai ɗaure wa ɗan'uwansa? Ba shi da ikon ba da ko akuya. Kuma tun da ba ya bayarwa, a hankali sai a daina ba shi. Ya fita daga igiyar ke nan. Ranar da mai shanu ya karɓe abinsa, yaron nan ba shi da garke, ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Ba sai na faɗa muku inda wasu irin waɗannan yara suke ƙarewa ba, kuna jin labarin dajin iyaka kamar yadda nake ji.

Saboda haka ina roƙon alhazai masu shanu da ke cikin wannan taro. Kuna biyan makiyayi kuɗin wata, ko ku bar masa nono, kun ga kamar kun gama. Ku gwada ɗaure masa karsana ɗaya bisa ga ka'idar haɓɓanaye, a gaban ardonsa. Uwar taku ce, za ta dawo. Abin da za ku rasa ƴan maruƙa uku ne cikin shekara shida. Abin da za ku samu mutum ne da yake da nasa a cikin garken, wanda ba zai kwana ba in saniya ta ɓata, kuma danginsa duka sun zama masu tsaron dukiyarku.

Sai masu furoje. Bayan farin 1973 da 1974 ƙungiyar Oxfam ta gwada mayar wa makiyayan Nijar da bisashe ta bin tsarin haɓɓanaye, kuma tun daga lokacin ƙungiyoyi da yawa sun ɗauki sunan, musamman wajen raba wa mata awaki. Mun gode, akuya a gidan da babu komai ba ƙaramin abu ba ce. Amma in an ce ranar kaza za a zo karɓa ko ta haihu ko ba ta haihu ba, in ta mutu a biya, kuma wanda ya bayar baƙo ne da zai tafi bayan shekara uku ba za a sake ganinsa ba, wannan bashi ne, a kira shi bashi. In ana so ya zama haɓɓanaye, a bar jama'ar wurin su zaɓi wanda za a ɗaure wa, su sa ka'idar da suka sani, kuma akuyar ta fito daga hannun maƙwabciya zuwa hannun maƙwabciya, yadda gobe za su haɗu a rijiya.

Dillalai, na ce zan dawo gare ku. Wata rana ina zaune a kara a wata kasuwa da ba zan faɗi sunanta ba, wani mutum ya jawo saniya ja mai kyau. Dillalin da ya kawo wa, tsoho ne, ya zagaya ta, ya kama kunnenta ya duba tsagar, ya ga ba ta gidan mutumin ba ce. Ya tambaye shi a hankali, ba a gaban mutane ba. Mutumin ya yi shiru, can ya ce haɓɓanaye ce, matarsa ba ta da lafiya, ba shi da abin kai ta likita. Tsohon nan bai sayar ba, bai kuma tona shi ba. Ya ranta masa abin da zai kai ta, ya ce ya mayar da saniyar daji kafin labari ya riga shi. La'adarsa ta ranar ta tafi, ban sani ba ko an biya shi rancen. Da ya sayar, da mutumin nan ya samu kuɗin magani, amma babu wanda zai sake ɗaure wa shi ko ƴaƴansa ko da tunkiya. Ku ne kuke tsaya wa kowace dabba da ta shiga kara, ku kuka san tsagar kunnen kowace zuri'a. Yaran da kuke koya wa dillanci, ku koya musu wannan tambaya tare da koyon tayi.

Abu na ƙarshe ya shafi ƙungiya da hukuma. Muna da kundin dokokin karkara tun 1993, muna da dokar kiwo ta 2010 wadda ta amince cewa tafiya da garke haƙƙi ne. Mun yi gwagwarmaya kafin a samu waɗannan, kuma suna magana a kan ƙasa, da ruwa, da burtali. Amma ranar da aka kama garke saboda ɓarnar gona, ko aka zo biyan diyya, ko mutum ya mutu aka zo rabon gado, wanda ya zo daga birni yana ƙirga duk abin da ya gani a matsayin na mai garke. Bai san cewa a cikin shanu talatin, wataƙila biyar na haɓɓanaye ne, wasu sadakin matar gida ne, wasu na yara ne tun ranar suna. Sai a kama saniyar amana a sayar, a bar mutum biyu da gaba. Da can shaidar dattawa ta isa, domin kowa yana kusa. Yau wanda ya ɗaure maka yana iya kasancewa a Cadi ko Kamaru, shaidun kuma sun rasu.

Shawarata ita ce kowane reshe na ƙungiya ya ajiye littafi guda a hannun ardo ko sakatare. Wanda ya so, ba tilas ba, ya zo da abokinsa da shaidu biyu a rubuta: wane ya ɗaure wa wane, saniya mai kama kaza, mai tsaga kaza, a shekara kaza, haihuwa nawa. Na san wasu dattawa za su ce rubutu yana nuna rashin yarda, kuma makiyayi ba ya son a ƙirga masa shanu, tun zamanin jangali muke gudun wannan. Ina jin maganarsu. Shi ya sa na ce saniyar amana kaɗai za a rubuta, ba garke ba, kuma littafin a hannunmu zai zauna, ba za a fito da shi ba sai ranar da za a nuna wa alƙali ko mai gari. Ina so a tattauna wannan yau kafin a watse, dattawa su fara magana, sa'an nan dillalai, sa'an nan mata su faɗa mana abin da suka yanke game da ninki.